Daga Zaure Zuwa Aji: Tarihin Karatun Naƙasassu Tare da Sauran Yara a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A yau idan aka tashi zancen haɗa yara naƙasassu da sauran yara cikin aji guda, sai mutane su ɗauka wani baƙon abu ne da aka ɗauko daga Turai aka kawo mana. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi sawun al'amarin cikin tarihi, don mai karatu ya ga cewa zaman makaho da mai ido gaban malami ɗaya ya girmi makarantar boko a ƙasarmu. Zan kuma nuna cewa sau biyu muna riƙe rabin abin da ake bukata muna sakin rabi. Da fari mun zauna tare, amma babu kayan aikin da zai isar da ilmi ga kowa. Daga baya kayan aiki sun zo, amma sai aka raba mu. Na yi amfani da kalmar "naƙasassu" don ita ce kowane Bahaushe ya sani, ko da yake yanzu an fi son a ce "masu bukata ta musamman".

Kafin Zuwan Turawa

Al'ummar Hausawa ta daɗe da ba naƙasassu gurbi cikin tsarin zamanta. A manyan birane akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, a Kano har da Sarkin Bebaye, kowanne yana shugabantar jama'arsa, yana sasanta su, yana kuma kai kukansu fada. Wannan ya nuna an san da su. Amma tsari ne na tausayi da sadaka, domin sana'ar da aka fi danganta su da ita ita ce bara. Kuma barar makaho ba shi kaɗai take ci ba, tana haɗawa da ɗan jagora, watau yaron da ke riƙe masa sanda, wanda shi ma yakan rasa nasa karatun.

Inda aka sami wata kafa ita ce makarantar allo da ta zaure. Ginshiƙin karatun allo biyawa ne da maimaitawa: malam ya biya, almajiri ya karɓa, ya yi ta nanatawa har ya zauna a ka. A zaure kuwa ɗalibi ɗaya ke jan baƙi, malam na fassara, sauran suna saurare. Duk karatun da kunne ne ƙofarsa, makaho ba ya da shamaki a cikinsa. Saboda haka yaro makaho kan zauna cikin tsaransa a bakin wuta guda, ya yi hadda tare da su, wani lokaci ma ya fi su riƙo. Addini kuma ya ƙarfafa haka. Kowane almajiri ya san dalilin saukar Suratu Abasa, wadda ta zo a kan sahabi makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum lokacin da ya zo neman sani, kuma shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin ladanan Madina. Imam Shaɗibi, wanda masu ilmin ƙira'a ke haddace littafinsa har gobe, makaho ne. A nan gida babban misalinmu shi ne Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda makanta ta same shi tun yana ƙarami, ya rasu a 1990. Ilmin da ke cikin waƙoƙinsa ta kunne ya same shi, a zaurukan da masu ido ke zama.

Sai dai kada daɗin wannan labari ya ɗauke mu. Ƙofar da ta buɗe wa makaho ita ce ta rufe wa kurma. Karatun da duk jigonsa ji ne, yaron da ba ya ji ba shi da abin kamawa a cikinsa. Kurame da bebaye sukan koyi sana'a, kamar ɗinki da jima da noma, suna kuma da harshensu na hannu da suke ciniki da shi a kasuwa, amma a fagen karatu an bar su a baya ƙwarai. Shi ma makahon, iyakarsa abin da wani ya karanta masa. Ba ya iya ɗaukar littafi shi kaɗai cikin dare ya yi bita, ba ya iya rubuta wasiƙa ba tare da wani ya san sirrinsa ba.

Yadda Makarantun Musamman Suka Faro a Turai

Kayan aikin da zaure ya rasa a Faransa aka fara samar da su, don haka dole mu leƙa can kafin mu dawo. Wajen 1760 wani limamin Kirista mai suna de l'Épée ya buɗe makarantar kurame a birnin Faris, yana koyar da su da alamun hannu. Cikin shekarun 1780 kuma Valentin Haüy ya buɗe ta makafi a wannan birni. A makarantar nan ta makafi ce wani yaro mai suna Louis Braille, wanda aka haifa a 1809, ya makance tun yana ƙarami sakamakon rauni da ya ji a ido a shagon mahaifinsa, ya ƙago rubutun da ake kira da sunansa, watau Burel. Ya buga bayaninsa a 1829. Rubutun ɗige-ɗige ne masu tudu da ake shafawa da yatsa. Kowane gida yana da gurbin ɗigo 6, kuma daga cikinsu ana iya fitar da siffofi 63, waɗanda suka ishi haruffa da lambobi da alamomin rubutu. Da wannan makaho ya sami abin da bai taɓa samu ba, watau ya karanta da kansa, ya rubuta da kansa.

Amma waɗannan makarantu na kwana ne, a keɓe suke, kuma masu lafiya ne ke yanke shawarar abin da ya dace da ɗaliban. Misalin illar haka shi ne taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, inda aka zartar cewa a fifita koyar da kurame magana da baki a kan alamun hannu. Wannan shawara ta kori harshen hannu daga azuzuwa da yawa har kusan shekara ɗari. Sai a 2010, a zaman da wannan taro ya yi a Bankuba ta Kanada, aka fito fili aka yi watsi da ita.

Shigowarsu Nijeriya

Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, wani sabon salon karatu ya shigo. Boko karatun ido ne: allon bango, alli, littafi da fensir. Saboda haka makahon da ke da wuri a zaure sai ya wayi gari ba shi da wuri a aji. Makarantun En'e ba su yi wani tanadi dominsa ba, balle kurma.

Turawan Mishan ne suka fara cike gurbin. A 1953 mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, inda aka riƙa koyar da Burel da sana'o'in hannu. A Legas an sami makarantar kurame ta Wesley cikin shekarun 1950, da ta makafi ta Pacelli a 1962. A 1960 kuma Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, bayan wadda ya fara buɗewa a Akara ta Gana a 1957. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1987 ya kafa makarantun kurame kimanin 30 a ƙasashen Afirka.

Ba mai musun alherin waɗannan makarantu, amma ga Bahaushe suna da matsala uku. Ta farko nisa: mutumin Daura ko Gumel ba zai ɗauki ɗansa makaho mai shekara bakwai ya kai shi Gindiri ya baro ba. Ta biyu, tun da na Mishan ne, iyaye Musulmi da yawa sun yi ɗari-ɗari da su saboda tsoron sauya wa yaro addini. Ta uku, gurabensu kaɗan ne, ba su kai ko kusa da yawan yaran da ƙyanda da agana da ciwon ido suka makantar, ko sanƙarau ya kurumtar ba. Ga kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Yaron da ya shekara shida ko bakwai cikin 'yan'uwansa makafi zalla, idan ya komo gida yakan tarar ya zama baƙo, tsaransa ba su san shi ba, shi ma bai san su ba.

Gwajin Katsina

Wani abin da ya kamata kowane ɗalibin tarihin ilmi a Arewa ya sani shi ne abin da ya faru a Katsina cikin shekarun 1960. A 1950 wani Bature ɗan Ingila, John Wilson, wanda ya makance yana ɗan shekara 12 saboda haɗari a ɗakin gwajin kimiyya na makarantarsu, ya kafa ƙungiyar taimakon makafi a ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda a yau ake kira Sightsavers. Ƙungiyar ta ga cewa ko shekara nawa za a yi ana gina makarantun kwana ba za su wadatar ba. Sai ta gwada wata dabara a Katsina: a bar yaro makaho a garinsu, ya shiga firamaren da ke kusa da shi tare da masu ido. Gwajin ya yi nasara, har ƙungiyar ta ɗauke shi mafarin aikinta na haɗa makafi da masu ido a makaranta ɗaya.

Asirin irin wannan tsari shi ne ba a jefa yaro cikin aji hannu rabbana. Akan horar da malami na musamman wanda ke zagayawa makarantu, ya koya wa yaron Burel, ya juya masa darasi zuwa rubutunsa, ya juya amsarsa zuwa rubutun da malamin aji zai iya dubawa, ya kuma nuna masa yadda zai yi tafiya da sanda shi kaɗai. Watau an haɗa zaman tare irin na zaure da kayan aiki irin na Gindiri. A ita Gindirin ma an ga irin wannan. Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya fara karatu a makarantar makafi ta can, ya wuce sakandaren maza ta garin ya zauna da masu ido, daga nan ya tafi Landan ya koyi aikin gashin ƙashi, ya dawo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa ƙungiyar taimakon makafi a Zariya. Makarantar musamman ta ba shi makami, makarantar kowa da kowa ta ba shi fage.

Zamanin Manufofi da Dokoki

Shekarun 1970 ne duniya ta fara juyawa. A 1975 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara naƙasassu, tare da sharaɗin a koyar da su cikin sauran yara gwargwadon iko. A 1977 Italiya ta soke azuzuwan da ake ware su a ciki. A 1978 kwamitin Mary Warnock a Ingila ya ba da shawarar a daina kallon yaro ta fuskar naƙasarsa, a dubi abin da yake bukata don ya koya.

Nijeriya ba ta makara ba a kan takarda. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. A 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta ware sashe guda ga ilmin musamman, ta kuma nuna cewa haɗa naƙasassu da sauran yara shi ne hanyar da ta fi dacewa, tun da cikin jama'a za su zauna idan sun girma. A wannan shekara aka kafa kwalejin horar da malaman ilmin musamman ta Tarayya a garin Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano don kurame da makafi. Jami'o'i irin su Ibadan da Jos da Bayero sun buɗe sassan ilmin musamman. A 1981 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar ga naƙasassu.

To, amma mai lura zai ga saɓani a nan. Manufa ta ce a haɗa, aiki kuwa ya tafi ga gina makarantun da ke ware. Dalili a fili yake. Shirin UPE ya kwararo yara makaranta fiye da yadda aka ƙiyasta, azuzuwa suka cika maƙil, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. Malamin da ke fama da aji irin wannan ba ya da sukunin tsayawa kan yaro guda da ba ya ganin allo. Da kuɗin mai suka ja baya a shekarun 1980, abu na farko da aka fara tsukewa shi ne irin waɗannan hidimomi da ake gani kamar alfarma ce.

A watan Yuni na 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka taru a Salamanka ta Sifen, suka fitar da sanarwar da ta sauya ma'anar abin baki ɗaya. A da ana cewa a shirya yaro har ya dace da makaranta. Sanarwar ta ce makaranta ce za ta gyara kanta ta dace da kowane yaro. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. Sa'an nan a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da su, a kuma sa Burel da harshen hannu cikin manhaja. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya duba matakalar ajinsa da ta ɗakin karatu, ya yi wa kansa alƙalanci. Kyan alkawari dai cikawa.

Batun Kurame da Maganar Hannu

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu da suka gada, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Ba kwaikwayo ba ne kawai, harshe ne mai ƙa'idojinsa, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a littafin da ta wallafa a kansa a shekarar 2000 bayan bincikenta a Kano. Amma harshen hannun da makarantu suka ɗauka ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar aikin Andrew Foster. Sakamakon haka yaro kurma kan koyi alamu a makaranta waɗanda mahaifiyarsa ba ta gane su, kamar dai yadda ɗan boko kan dawo gida da Turanci.

Wannan ya sa batun haɗa kurame da masu ji ya fi na makafi sarƙaƙiya. Makaho yana jin malam, abin da yake nema littafi ne da zai shafa. Gurgu yana ji yana gani, abin da yake nema hanya ce da bayan gida da zai iya shiga. Kurma kuwa idan aka zaunar da shi cikin masu ji babu tafinta, babu malamin da ya iya hannu, an ware shi ne wariya mafi tsanani, ko da kuwa benci ɗaya yake da sauran. Shi ya sa ita kanta sanarwar Salamanka ta yarda cewa kurame na iya fin amfana a makarantu ko azuzuwa nasu, inda harshen hannu ke gudana. Don haka rufe makarantu irin Tudun Maliki da sunan haɗa kai zai zama gudun gara ne a faɗa gidan zago. Abin da ya fi shi ne su zama cibiyoyin da ke horar da malamai, suna aika su da kayan aiki zuwa sauran makarantu.

Kammalawa

Idan muka tattara abin da ya gabata za mu ga zango uku. A zaure an zauna tare, amma kunne kaɗai aka yi wa tanadi. A makarantun musamman an sami Burel da harshen hannu, amma sai yaro ya rabu da gida da tsaransa kafin ya same su. A zango na uku, wanda muke ciki, doka ta ce a haɗa biyun, kuma Katsina ta nuna tun shekarun 1960 cewa abu ne mai yiwuwa idan akwai malami da kayan aiki. Darasin shi ne, zama tare daban, karatu tare daban.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya muna da namu rabon. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da alamominsu a Burel, saboda haka babu abin da zai hana a juya littattafan adabinmu zuwa gare shi. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta shiga a 2017, an yi ta ne don sauƙaƙa juya littattafai zuwa siffar da makafi za su amfana. Kowannenmu yana da wayar da za ta iya naɗar murya, don haka muna iya raba littattafan da ake nazari a sashenmu, kowa ya karanta babi guda, mu ajiye wa 'yan'uwanmu marasa gani. Muna iya roƙon malamanmu su ba maganar hannu gurbi cikin darussan harshe, masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa kuma su dube ta, tare da masu ita, domin da ɗan gari akan ci gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.